Gwanintar Cika Katin Wasiƙa a Fagen Daga

Katin wasiƙa bai fi tafin hannu ba, rabin bayansa kuma na adireshi ne. A ɗan filin da ya rage ne sojan Ostiraliya na Yaƙin Duniya na Ɗaya yake zuba duk abin da yake so mahaifiyarsa ko matarsa ta sani. Sama da mutum 300,000 suka bar ƙasar zuwa yaƙi tsakanin 1914 da 1918, alhali jama'arta gaba ɗaya ba su kai miliyan 5 ba, don haka gidajen da ke zaman jiran saƙo ba su ƙirguwa. Cika wannan fili yadda ya kamata gwaninta ce, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka ƙware a kai manoma ne da makiyayan tumaki da leburori, ba marubuta ba.

Kafin katin ya bar sansani sai hafsa ya karanta ya buga masa hatimi. Sunan gari, yawan dakaru, inda bataliya ta dosa, duk haramun ne. In aka gani a soke da baƙi ko a kankare. Shi ya sa dubban katuna suka fara da "wani wuri a Faransa". Gwani ya san abin da zai wuce, ba ya ɓata layi a kan abin da za a goge. Sai ya ce laka ta kai gwiwa, ya ce safar da aka saƙa masa ta iso kuma ta yi daidai, ya ambaci ɗan maƙwabci da ya gani lafiya lau. Wannan layi na ƙarshe kaɗai ya isa ya kwantar da hankalin gida biyu, domin za a ɗauki katin a tsallaka titi da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka iya lissafin lokaci. Jirgin ruwa kan yi mako shida ko fiye kafin ya kai Sidni ko Malbon, amma labarin mutuwa ta waya yake zuwa cikin kwanaki, kuma sau da yawa limamin coci ake turawa ya kai shi gida. Saboda haka kwanan wata da ke saman kati ya fi kowace kalma nauyi. Bayan gumurzun Fromelles na 19 ga Yuli 1916, inda aka kashe ko aka raunata ko aka kama 'yan Ostiraliya fiye da 5,500 a dare ɗaya, uwa kwanan wata take fara dubawa: kafin ranar aka rubuta, ko bayanta? Mai hankali ba ya manta shi. Wasu har lamba suke sa wa saƙonninsu, don iyali su gane wanda ya ɓata a teku.

A Galipoli, inda suka sauka ranar 25 ga Afrilu 1915, takarda ta yi ƙaranci ainun. Sai soja ya yanke kwalin taba ko na kayan abinci, ya daidaita gefensa da wuƙa, ya rubuta adireshi da fensir, ya sa alamar cewa yana bakin daga a madadin kan sarki, tunda ba a cajin soja kuɗin aikawa. Gidan waya ya karɓa, ya kai. Akwai kuma katin da rundunar soja ta buga da jimloli a shirye: ina lafiya, an kwantar da ni a asibiti, na sami wasiƙarka. Soja zai soke waɗanda ba su shafe shi ba, ya sa hannu da kwanan wata. In ya ƙara ko kalma ɗaya, a lalata katin. Kati ne busasshe, amma shi ne mafi saurin wuce mai tacewa, kuma gwani ya san lokacinsa: da zarar an fito daga artabu.

Fuskar katin ma magana take yi. Daga Masar hoton dala ake aikawa. A Faransa da Beljiyam sai aka koma katin siliki mai surfani, da furanni da tutoci ko tambarin fitowar rana na rundunar, wani da ɗan aljihu da ake sa ƙaramar gaisuwa a ciki. A ambulan ake tura shi don kada ya lalace. A ƙauyen Vignacourt, Louis Thuillier da matarsa Antoinette sun riƙa ɗaukar hoton sojoji suna wanke shi a matsayin kati, soja ya tura fuskarsa gida a ga dai yana nan da ƙafafunsa. A 2011 aka gano gilasan hotunan a saman wani gidan gona, kuma ɗaruruwansu yanzu suna gidan tarihin tunawa da yaƙi da ke Kambera.

Mutanen gida su ma sun koyi aikin. Sun san dole lambar soja da sunan bataliyarsa su fito tsaf, in ba haka ba katin ya yi ta yawo tsakanin sansani da asibiti. Damuwarsu suke haɗiyewa, su ba shi labarin ruwan sama da farashin alkama da sausayar tumaki, da haƙorin jaririn da bai taɓa gani ba, su kuma faɗa masa ranar da suka sa ƙunshin safa da taba a jirgi don ya san lokacin da zai fara tambaya.