Musun Ƙwallo a Wurno, Rabah da Goronyo: Yadda Ake Yi wa Alƙalin Wasa Shari'a

Musun ƙwallo al'ada ce ta baka da ta kafu a tsakanin matasan Wurno, Rabah da Goronyo tun da tauraron ɗan'adam ya shigo da gasannin Turai cikin gari. A kan abu biyu yake gudana: hukuncin da alƙalin wasa ya yanke, da inda ƙungiya ta dosa a kakar wasa. Daga nesa hayaniya ce kawai, amma yana da wurinsa da lokacinsa da irin hujjar da ake karɓa a cikinsa.

Mafarinsa gidan kallo: rumfar kwano, bencina a jere, talabijin biyu ko uku, janareta na ruri a baya, da allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Mafi yawan masu kallon manoma ne na fadamar gulbin Rima, masu shinkafa da albasa da tafarnuwa, sai 'yan kabu-kabu da ɗalibai. Gasar Firimiya ta Ingila tana farawa a watan Agusta, tsakiyar damina, ta ƙare a Mayu. Da hunturu, wasan ƙarfe uku na Ingila yakan faɗo ƙarfe huɗu a Najeriya, dab da La'asar, wasannin Zakarun Turai kuma ƙarfe tara na dare. Idan an tashi, maganar takan koma teburin mai shayi, washegari ta bi mutane gona da kasuwa, ta kuma ci gaba a WhatsApp da Facebook.

Kowa da ƙungiyarsa ake saninsa: wane ɗan Arsenal ne, wane ɗan Madrid. Da yawa sun bi Arsenal saboda Nwankwo Kanu, wanda ya buga mata daga 1999 zuwa 2004, wasu kuma Chelsea saboda Mikel Obi, da ya zauna can daga 2006 zuwa 2017. Mai magana ba ya cewa "sun ci", sai "mun ci". Saboda haka hukuncin da aka yanke a Landan, a nan kamar shi aka yanke wa.

Ba kowane hukunci ke jawo musu iri ɗaya ba. Satar gida magana ce ta awo: ko ɗan wasa ya wuce mai tsaron baya lokacin da aka turo ƙwallo, ko bai wuce ba. Taɓa ƙwallo da hannu, da bugun fenareti, da jan kati kuwa fahimta ce: shin da gangan ne, shin ƙetar ta kai a kori mutum? A nan musu ya fi tsawo, sai a ji wani ya miƙe tsaye yana cewa, "Wallahi wagga fenareti ta!" wani ya amsa, "Mi ya taɓa? Faɗuwa ya yi da kainai." Mutanen yankin sun saba da dambe da kokawa, inda kaye a fili yake, kowa ya ga ƙasa ta taɓa mutum. A ƙwallo kuwa doka ta biyar cikin dokoki 17 na wasan ta bar wa alƙali magana ta ƙarshe, ko da dubban idanu sun ga akasin haka.

An zaci na'urar VAR za ta kashe wannan gardama. An yi amfani da ita a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, Firimiya ta karɓe ta a kakar 2019/2020, kuma a lokacin a abu huɗu take sa baki: cin ƙwallo, fenareti, jan kati kai tsaye, da kuskuren hukunta wanda ba shi ya yi laifi ba. Sai ta ƙara wa musu ƙarfi. Ranar 26 ga Yuni, 2018, ƙwallo ta taɓa hannun Marcos Rojo a wasan Najeriya da Ajantina; alƙali ya je ya duba hoton, ya hana fenareti, Rojon nan kuma ya ci ta biyu, aka fitar da Najeriya da ci 2-1. Ranar 7 ga Fabrairu, 2024, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Bouaké, aka soke ƙwallon Victor Osimhen, aka koma baya aka ba Afirka ta Kudu fenareti saboda ƙetar da Alhassan Yusuf ya yi. Najeriya ta tsallake a bugun fenareti da 4-2, shi ya sa wannan hukunci bai yi ɗacin na Rojo ba. Nauyin kuskuren alƙali a bakin magoya baya, sakamakon wasa ne ke auna shi.

Hujjojin da ake kawowa kala uku ne. Na farko maimaicin hoto, wanda yanzu kowa ke da shi a waya, a tsayar, a faɗaɗa, a miƙa wa abokin musu. Na biyu ƙiyasi: "An ba ku irinta makon jiya, don me aka hana mu?" Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, domin abin da ake nema shi ne a auna kowa da mudu ɗaya. Na uku tarihi, mafakar wanda hujja ta ƙare masa: a lissafo kofuna. Idan duk sun gaza, sai zargi: an saye alƙali. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da ƙwallon Luis Díaz na Liverpool da aka soke a wasansu da Tottenham ranar 30 ga Satumba, 2023, wanda hukumar alƙalan Ingila ta amsa cewa kuskure ne, ko da yake amsa kuskure daban, sayen alƙali daban.

Musun kaka kuma yana tafiya da watanni. A Agusta cika baki ake yi kan sababbin 'yan wasa. Zuwa Disamba an fara kiran a kori koci. Daga Maris sai lissafin maki da wasannin da suka rage cikin 38. 'Yan Arsenal sun sha ba'a a wannan zango, domin ƙungiyarsu ta zo ta biyu a 2023 da 2024 da 2025. A ƙarshen kaka ne hukunce-hukuncen da aka yi musu a kai ke dawowa a matsayin bayani: da ba a hana mu waccan fenareti ba, da kofin namu ne.

Al'adar tana da iyaka da kowa ya sani. Ana zagin ƙungiya da koci da alƙali, amma ba a taɓa iyayen abokin musu, kuma wanda ya yi fushi shi ake ɗauka ya faɗi. Inda iyakar ke karyewa shi ne idan caca ta shigo, ko kuma a gasar cikin gida, inda alƙali ke gaban mutane a fili kamar na Giginya, gidan Sokoto United. A can zargin fifita mai masauki tsoho ne, kuma gardama takan iya zama jifa, abin da ke jawo wa ƙungiyoyi tara da zaftare maki.