'Sully': Gwanin Matuƙi da Mugayen da Darakta Ya Ƙirƙira

Mai karatu, in ka taɓa shiga jirgin sama, ko da na alhazai ne, ka san iyakar abin da fasinja ke ji daga matuƙi ita ce muryarsa ta lasifika. Abin da ake yi a bayan rufaffiyar ƙofar nan kuwa, sai dai hasashe. To, ƙofar ce Clint Eastwood ya buɗe mana a fim ɗinsa mai suna 'Sully', wanda ya fito a 2016, lokacin daraktan yana da shekara 86. Na sake kallonsa kwanan nan, na ƙara yarda cewa fim ne mai kyau, amma mai ɗauke da wani babban zalunci guda ɗaya.

Labarin ya faru da gaske. Ranar 15 ga Janairu, 2009, jirgin kamfanin US Airways mai lamba 1549, samfurin Airbus A320, ya tashi daga filin LaGuardia na birnin Niyok zuwa Charlotte, ɗauke da mutum 155. Bai kai ƙafa 3,000 a sama ba ya ci karo da garken dinya, injinan biyu suka zuƙe tsuntsayen, ƙarfinsu ya tafi. Kyaftin Chesley Sullenberger, wato Sully, ya sauke jirgin a kan Kogin Hudson cikin tsananin sanyi. Jiragen fito suka yi ca, suka kwashe mutane daga kan fukafukai. Wasu sun ji rauni, amma ko rai ɗaya bai salwanta ba.

Tom Hanks ne ya fito a matsayin Sully, Aaron Eckhart kuma mataimakinsa Jeff Skiles. Inda fim ɗin ya ci tuta shi ne cikin ɗakin tuƙi. Ka lura da kyau: babu ihu, babu kiɗan tayar da hankali, babu jarumin da ke zare ido. Skiles ne ke tuƙi a lokacin tashi. Da abin ya faru, Sully ya faɗa a taƙaice cewa ya karɓi jirgin, mataimakin ya sakar masa ba musu, ya buɗe littafin matakan gaggawa yana ƙoƙarin tayar da injinan. Kowa ya san aikinsa.

Shawara uku Sully ya yanke, kuma fim ɗin ya nuna su yadda ɗan kallo zai gane. Ta farko, ya kunna ƙaramin injin taimako da ke wutsiyar jirgi, mai aiki kamar janareta, tun kafin littafin ya zo kansa, don kada wuta ta ɗauke wa kwamfutocin jirgin. Ta biyu, da jami'in kula da zirga-zirgar jirage ya ba shi damar komawa LaGuardia, ko ya nufi filin Teterboro a jihar New Jersey, ya auna tsayinsa da tazarar, ya ga in ya gaza kai wa, a kan gidajen jama'a zai faɗo. Ta uku, ya zaɓi kogi. Duk wannan cikin sakan 208, daga karo da tsuntsaye zuwa taɓa ruwa. Ko shayi ba ka gama sha ba.

A nan ne saƙon fim ɗin yake: ba a fafe gora ranar tafiya. Sully ya koyi tuƙi yana ɗan shekara 16 a Texas, ya tuƙa jirgin yaƙi F-4 a rundunar sojan saman Amurka, ya tara sama da awa 19,000 a sararin samaniya. Littafin gaggawar da ke hannun Skiles an tsara shi ne don jirgin da ya yi nisa a sama, mai isasshen lokaci, shi ya sa ba su kai ƙarshensa ba. Inda takarda ta tsaya, nan shekara arba'in da 'yan kai na ƙwarewa suka ɗora. Shi kansa haɗin kan nan na kyaftin da mataimaki koyar da shi ake yi. An ɗauki darasin ne da tsada, bayan haɗurra irin na Tenerife a 1977, inda jirage biyu samfurin Boeing 747 suka yi karo a ƙasa, mutum 583 suka mutu. Tun daga nan aka shiga horar da matuƙa cewa na ƙasa yana da haƙƙin ja da na sama, na sama kuma dole ya saurara.

Hanks ya yi wasa mai nauyi. Dubi inda yake bin layin kujeru har sau biyu, ruwa na shigowa, yana duba ko an bar wani. Dubi kuma fuskarsa a asibiti lokacin da aka tabbatar masa an ƙirga mutum 155 cif. Bai ce komai mai tsawo ba, amma za ka ji abin a ƙirjinka. Mafarkan da yake yi na jirgi yana afka wa dogayen benaye su ma sun dace, don ɗan Niyok bai manta da 11 ga Satumba, 2001 ba.

To, ina zaluncin? Ka san abin da ya auku cikin minti uku da rabi ba zai cika fim mai minti 96 ba. Sai marubucin, Todd Komarnicki, da darakta suka tafi neman mugu. Tsuntsu ba ya zama mugun fim, don haka suka ɗora rawanin a kan masu bincike na hukumar NTSB, mai bin diddigin haɗurran sufuri a Amurka. Aka nuna su suna harara, suna yi wa Sully tambayoyin ƙure kamar masu gabatar da ƙara, suna kafa hujja da na'urar kwaikwayon tuƙi cewa da ya juya da ya isa fili lafiya. Sai a zaman ƙarshe jarumi ya kunyata su, ya nuna cewa sun manta ɗan'adam yana buƙatar lokacin tunani, aka ƙara sakan 35, gwajin ya faɗi.

Gaskiyar magana, masu binciken ne da kansu suka yi wannan gwaji. Sun gwada juyawa nan take sau 15, takwas suka yi nasara. Da suka saka jinkirin sakan 35, jirgin bai kai ba. Rahotonsu na 2010 ya ce sauka a kan kogin shi ne zaɓin da ya fi ba mutane damar tsira. Hanks da bakinsa ya faɗa wa manema labarai cewa Sullenberger ne ya nemi a cire sunayen masu binciken na ainihi daga labarin, don ba su cancanci wannan baƙin fenti ba.

Kana iya cewa ai fim ne, mene ne na damuwa? Akwai abin damuwa, malam. Dokar binciken haɗarin jirgi ta duniya ta ce manufar bincike ita ce hana sake aukuwa, ba neman wanda za a rataye ba. Mu da muka ga jirgin EAS ya faɗo a Gwammaja, Kano, ranar 4 ga Mayu, 2002, muka kuma rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a jirgin ADC a 2006, mun fi kowa sanin darajar mai tambayar "me ya faru?" Fim ɗin da miliyoyi suka kalla, ya koya masu cewa mai bincike maƙiyin matuƙi ne, ya yi ɓarna komai kyawun hotonsa.

Abin haushin shi ne akwai rikici na gaskiya da aka taka aka wuce. A Fabrairun 2009, Sullenberger ya shaida wa majalisar dokokin Amurka cewa an zabge kashi 40 cikin ɗari na albashinsa, an kuma soke fanshonsa. Ga mutumin da duniya ke wa tafi, ga aljihu ya yi sanyi. Fim ɗin ya ɗan taɓo matsin kuɗi ta bakin matarsa Lorrie, ya bari. Ita kanta Laura Linney da ta fito a matar, an ɓata basirarta, daga farko har ƙarshe tana maƙale da wayar tarho.

Masu shirya finafinanmu, ku ma da ku nake. Ciwon nan na "dole sai da mugu" kun san shi: in ba kishiya ba, to uwar miji. 'Sully' ya nuna cewa mutum yana yin aikinsa da kyau ma abin kallo ne, sannan ya ji tsoron abin da ya gano.

Ka nemi fim ɗin ka kalla, mai karatu. Ka buɗe ido sosai a ɗakin tuƙi, don a nan ilimin yake. In an shiga zauren bincike kuwa, ka tuna cewa mutanen da ake nuna maka suna murtuke fuska, a zahiri su ne suka wanke Sully.