Injin 2JZ da lissafin da masu ƙara wa mota ƙarfi ke tsallakewa

Daga 1989 zuwa 2004, kamfanonin motoci na Japan sun yi wata yarjejeniya a tsakaninsu: ba wanda zai tallata mota a cikin gida da ƙarfin da ya wuce doki 280. Cikin wannan tsakanin ne Toyota ta fito da injin 2JZ-GTE, mai silinda shida a jere, lita 3 da tobo biyu. Ya fara fitowa a motar Aristo a 1991, sannan aka sa shi a Supra a 1993. A takarda 280 ne, amma ginin da aka yi masa ya wuce haka nesa ba kusa ba: bulok na baƙin ƙarfe, kiranshaf mai ƙwari, da ƙananan bututu masu fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin don ya huce. Nan da nan garejojin Japan da Amurka suka gano ana iya ninka ƙarfinsa ba tare da an taɓa cikin bulok ba. Fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 kuwa ya kai sunansa kunnen yaran da ko sifana ba su taɓa riƙewa ba.

Ina girmama wannan al'ada ta ƙara wa inji ƙarfi, domin ta mai da ƙananan kanikawa injiniyoyi. Abin da ke damuna shi ne ta koya wa mutane fara lissafi daga adadin doki. Sai mutum ya tara kuɗin babban tobo, ya ɗauka aiki ya ƙare. Alhali tobo iska kawai yake turawa. Iska ta ƙaru, dole fetur ya ƙaru: a sake famfon mai da nozul, a nemo mai saita kwamfutar inji, a biya kuɗin gwaji a kan na'urar auna ƙarfi. In fetur ya gaza ko da na daƙiƙa kaɗan ne a lokacin da tobo ke cikin aiki, wuta sai ta tashi ba bisa ƙa'ida ba, ta narka kan fistin. Ga lagireto, ga kuloci, ga giya da birki, kowanne na jiran rabonsa. Sau tari kuɗin waɗannan ya fi na tobon da aka fara da shi.

Aikin da ya fi cin kuɗi ma ba a ganinsa a hoto. Ka tsaya kusa da gwanin haɗa inji: zai zura ringi ɗaya cikin silinda, ya daidaita shi da kan fistin, ya auna tazarar bakinsa da siririn ma'auni, ya ciro, ya goga kaɗan, ya mayar. Haka zai bi kowane ringi, domin injin tobo ya fi zafi, kuma ringin da ya kumbura bakinsa ya haɗe zai iya fasa fistin. Wannan haƙurin ake saya, kuma shi mai gaggawa ke fara yankewa daga kasafinsa.

Gwanaye na fara da tambaya ne: me za a yi da motar? Injin tseren ƴan daƙiƙu daban yake da na zuwa aiki kullum. Wanda zai ɗauko inji ɗan Kwatano a Ƙofar Ruwa ya haɗa a Kano yana da ƙarin tambayoyi biyu da takwaransa na Tokyo bai cika damuwa da su ba: zafin bazara, da ingancin fetur ɗin da zai riƙa sha a gidan mai. Saitin da aka yi don fetur mai daraja a ƙasa mai sanyi, in aka kwafo shi yadda yake, yana iya sa inji ya buga tun kafin damina ta sauka.