Envisage: ba kullum take nufin "hasashe" ba

Akwai wani aikatau na Turanci da masu fassara labarai ke yawan cin karo da shi, wato envisage, kuma kusan duk inda ya fito sai a liƙa masa "hasashe" a wuce. Ni kam ban gamsu ba.

Mu fara da asali. Turanci aro kalmar ya yi daga envisager ta Faransanci, fiye da shekara 200 da suka wuce. Ɗafa-goshi ne en- aka haɗa da visage, wato fuska, ita kuma visage jijiyarta na komawa ga videre ta Latin, ma'ana gani. Da farko nufinta a kalli abu ido da ido, musamman haɗari. Kun ga ginin? Daidai da namu ne: fuska, fuskanta. Sai dai tamu ta tsaya a kan tunkarar abu da fahimtarsa, tasu kuwa ta zarce zuwa ganin abin da bai zo ba tukuna, a zuci.

To, a nan gizo ke saƙar. Hasashe kintace ne: ka ce abu kaza zai faru, wataƙila ka dace, wataƙila ka kuskure. Masana yanayi su ke hasashen damina. Amma idan aka ce wani shiri envisages makarantu goma, ai shirin ba duba yake yi ba balle ya yi kintace. Niyya ce aka tsara. "Shirin ya tanadi gina makarantu goma", shi ke nan. In ka rubuta "ya yi hasashe", ka sauke wa mai alkawari nauyi: gobe in bai gina ba, sai ya ce ai hasashe ne bai tabbata ba.

In kuwa mutum ne ke magana a kan kansa, "hango" ta fi zama daram. Wannan -o ɗin na giredi na shida yana jawo abin nesa zuwa ga mai magana, kuma aikin kalmar ke nan. "Ban hango ranar da zan bar noma ba." A baki ma cewa muke, "Ban ga ranar ba."

Ƙanwarta envision, wadda Amurkawa suka fi so, ta fi karkata ga buri. Ita sai mu ware mata rana.