Matsalar Fassara Kalmar 'Catachresis' a Nazarin Adon Harshen Hausa

Tun bayan fitowar Hausa Metalanguage, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, manazarta sun daidaita a kan yawancin kalmomin adon harshe. 'Simile' ta zama kamantawa, 'metaphor' ta zama siffantawa, 'symbolism' kuma alamtarwa, kamar yadda Abdulƙadir Ɗangambo ya yi amfani da su a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa (2007). Manufar wannan maƙala ita ce duba kalmar 'catachresis', wadda ke ɗauke da ma'anoni biyu masu karo da juna.

Ma'ana ta farko ita ce ta Kwintiliyan, masanin balagar Rumawa na ƙarni na 1: aron kalma domin abin da ba shi da sunansa. Ta biyu ita ce wadda ta rinjaya a Ingilishi: matsa wa kalma ta ɗauki ma'anar da ba ta dace da ita ba. Ta farko larura ce, ta biyu kuwa ko dai kuskure ko ganganci na mai fasaha.

Hausar kasuwar doya ta Agyaragu, kusa da Lafiya, inda Migili da maƙwabtansu ke ciniki da Hausa, ta ishe mu misali. Mai cewa "kasuwa ta ci" ko "bakin kasuwa" bai yi nufin ƙawata zance ba. Haka ma wuyan hannu da idon sawu: ba su da wani suna sai na aro. Ɗalibin da ya kira su mutuntarwa ya ba mai magana fasahar da bai nufa ba. Wanda kuma ya bi ma'anar Ingilishi ya kira su karkatacciyar magana, ya ɗora wa daidaitacciyar Hausa laifin da ba ta yi ba.

Don haka ana ba da shawarar a raba kalmar gida biyu. A kira ta farko aron tilas, a mayar da ita fagen nazarin ma'ana. A kira ta biyu matsin ma'ana, a bar ta cikin nazarin salo, inda za a auna ko mawaƙi ya ci riba da gangancinsa. Ma'aunin rarrabewa guda ne: shin akwai wata kalma da mai magana ya tsallake? In babu, to ba ado ya yi ba.