Magina da Sirrin Bakan Gizo

Duk wanda ya tashi daga Garbadu ko Talatar Mafara ya je Kano, ya daure ya shiga Gidan Makama, ya ɗaga kai ya dubi rufi. Ana danganta gidan da Muhammadu Rumfa, Sarkin Kano daga 1463 zuwa 1499, wanda ya kafa Gidan Rumfa, fadar sarakunan Kano har yau. Yanzu Gidan Makama gidan tarihi ne, kowa na iya shiga.

Aikin irin wannan gini yana farawa daga kwaɓi. A haƙo jan birji, a zuba ciyawa da ruwa, a tattaka da ƙafa, a bar shi ya kwana biyu ya ruɓa. Sai a mulmula tubali, gindi faɗi, kai tsini, a shanya. Magini na zaune bisa katanga, yaronsa na jefo masa ɗaya-ɗaya yana cafewa, yana jerawa tsini sama. Katangar kauri a ƙasa, tana sirancewa tana hawa.

Wannan kowane magini ya iya. Inda ake gane gwani shi ne rufi. Azara, wato faskaren giginya, gara ba ta cinta, amma in tazara ta yi nisa sai ta lanƙwashe da nauyin ƙasa. To yaya za a rufe babban soro ba ginshiƙi a tsakiya? Sai gwani ya kafa azara cikin bango, ya karkato ta ciki, ya ɗaure wata a kanta ta ɗan zarce, a yaɓe, a jira ta bushe, a ƙara. Haka daga ɓangarori biyu har su haɗu a sama. Bakan gizo ke nan. In aka gicciya su da yawa, an sami ɗaurin guga. Gaggawa ba ta cikin wannan aiki. Mai ɗora ɗanye kan ɗanye, rufi zai faɗo masa.

A Zariya, Babban Gwani Mika'ilu ya kai abin ƙololuwa a masallacin Juma'a da ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, a ƙarni na 19.

Sauran aiki na kare gini daga ruwan damina ne: makuba daga ɓawon ɗorawa, laso daga katsin marina, indararo mai fitar da ruwa. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, shi ya sa siminti ya ci kasuwa, ko da yake ɗakinsa tanderu ne da bazara.

In akwai tsohon magini a unguwarku, ku tura masa yara tun yana iya hawa katanga.