Manhajar Ilmin Ciniki: Wane Maigida Aka Tambaya?

Duk wanda ya taɓa zama a teburin akawu ya san ranar da ta fi ko wace wuya, watau ƙarshen wata, sa'ad da za a rufe littafi a ƙidaya abin da ke cikin akwati. In littafi da akwati suka saɓa, ko da da kwabo ɗaya ne, ba mai tashi sai an gano inda kwabon nan ya maƙale. A wannan rana ba a tambayar takardar shaidar kowa. To, da mudun wannan rana ni ke so in auna manhajar ilmin ciniki da a ke koya wa 'ya'yanmu a makarantun sakandare na Nijeriya.

Mu fara ba ta hakkinta. Sa'ad da aka soma tsarin karatu na 6-3-3-4 a 1982, an sa ilmin ciniki cikin darussan ƙaramar sakandare, aka kasa shi biyar: aikin ofis, sanin ciniki, riƙon littafin kuɗi, gajeren rubutu, da buga tafireta. Nufin shi ne yaron da bai sami wucewa gaba ba ya fita da abin cin abinci a hannunsa. A 2011 aka ƙara sana'o'i 34 a babbar sakandare, cikinsu har da tsaron sito da dabarun sayarwa, a 2025 kuma aka rage su zuwa 6. Niyya dai mai kyau ce, ba mai musu. Amma niyya dabam, aiki dabam.

Aibinta na farko shi ne an ɗinka rigar ba a auna mai sawa ba. Kullum a kan ce za a koyar da abin da masu ɗaukar ma'aikata su ke so. Madalla. Amma wane maigida? Sa'ad da aka buɗe makarantar horon akawuna a Zariya, wadda ta zama Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kongo a 1954, amsar ba ta da wuya, gama maigidan sananne ne: gwamnati da En'e. Malami ya san irin takardar da ma'ajin baitulmali zai miƙa wa ɗalibinsa, ita kuwa ya ke koya masa. Yau fa? Yaron da ya gama sakandare a Kano, ya fi kusa da rumfar Kantin Kwari, ko siton hatsi a Dawanau, ko tebur mai na'urar POS a bakin titi, bisa ga kujerar banki. Duk da haka ofishin da littattafan su ke kwatantawa shi ne mai manaja da sakatare da masinja. Ɗan kasuwar da zai ɗauki yaron ba a ji ta bakinsa ba.

Na taɓa ganin wani saurayi da aka kawo wa wani attajirin hatsi don ya riƙe masa littafi. Ya iya kawo ma'anar riba da Turanci ba tuntuɓe. Attajiri ya ce masa, "Yaro, na sayi buhu Naira 40,000, na biya mota 1,500, 'yan dako 500, na sayar 44,000. Nawa na ci?" Ya amsa da sauri, "Dubu huɗu, Alhaji." Alhali kuwa dubu biyu ne, tun ba a cire kuɗin buhu da la'adar dillali ba. Ba laifin yaron ba ne. An koya masa sunan abu, ba a sa shi ya taɓa abin ba.

Aibi na biyu, an rikita kayan aiki da tushen aiki. Gajeren rubutun nan da Isaac Pitman ya fito da shi a Ingila a 1837 ya yi amfani a zamaninsa, haka ma tafireta. Amma an daɗe ana wahalar da yara da su bayan ofisoshi sun koma kwamfuta. Kayan aiki su kan tsufa, tushe ba ya tsufa. Ƙa'idar rubuta ko wane kuɗi sau biyu, inda ya fito da inda ya shiga, Luca Pacioli ya bayyana ta a littafinsa a birnin Banis tun 1494, har yau kuwa a kanta kwamfutar banki ta ke tafiya. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan, domin ayar da ta fi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta ke. Wanda ya riƙe tushe, ko wace na'ura aka ajiye masa zai koye ta cikin mako kaɗan.

Aibi na uku shi ne jarrabawa. Malami ba ya koyar da abin da manhaja ta ce, sai abin da jarrabawa za ta tambaya. Muddin tambayar ita ce a lissafa halaye biyar na akawun kirki, hadda kurum yara za su yi. Na ga makarantar da aka zana haruffan tafireta a allo, yara suna buga yatsu a kan benci, suka ci jarrabawa kuwa!

To, mene ne magani? Ga abin da ni ke gani.

Da fari, kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja, a zauna da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, manya da ƙanana, maza da mata, a tambaye su: wane kuskure ne ya kan sa ku sallami sabon yaro? Na tabbata amsoshinsu ba za su wuce waɗannan ba: lissafin da ba daidai ba, rashin rubuta bashi nan take, sakin kaya don an nuna masa saƙon banki a waya bai tabbatar kuɗin sun shiga ba, rashin iya magana da mai saye, da cin amana. Daga nan ya kamata darussa su tsiro.

Na biyu, ko wace makaranta ta buɗe ɗan kanti, ko na alƙalami da sabulu ne, yara su riƙa tsaronsa bi da bi, su rufe littafi ran Jumma'a. Jarrabawa kuma ta zama haka: a ba yaro tarin rasit a hargitse, ya fitar da riba ko hasara, ya rubuta wasiƙar neman biyan bashi da Turanci da Hausa, tun da ya ke da Hausa a ke cinikin.

Na uku, hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971, ta fara shirin SIWES a 1973 don tura ɗaliban manyan makarantu wuraren aiki. Me zai hana a yi ƙaramin irinsa ga 'yan sakandare lokacin hutu? Ai gani ya kori ji.

Amma fa a yi hattara. Maigida bukatar yau ya sani, ba lalle ya damu da goben yaron ba. Makaranta ba gidan horon barori ba ce. Sai a koya wa yaro har da abin da maigida ba zai roƙa ba: karanta yarjejeniya kafin sa hannu, sanin hakkinsa, raba jari da kuɗin cefane, domin yaron kanti na yau shi ne mai kantin gobe.

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Shekarun nan na sakandare ba su dawowa, iyaye kuwa da guminsu su ke biya. Ranar da yaro zai zauna gaban littafi da akwati tana nan tafe, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa masu tsara manhaja su ji.